Neman Gajiyayyen Pil

Ni dai babu wanda ya koya mini gita. Akwai wata tsohuwar gita ta katako a cocinmu, rataye bayan allon waƙoƙi, tsirkiya biyar nata ne, ta shidan wayar birkin keke ce. Shekarar da na bar kolej, cikin shekarun casa'in, na sauko da ita na goge, tunda ba ni da wani aiki in ban da ban ruwan albasa da safe. Malamina kaset ne guda ɗaya tal. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai bin hanyar Keita ya bar ma yayana shi, yayana ya bar mini. Buzaye ne ke kaɗa gita a ciki. Babu suna a jikinshi, wani dai ya rubuta "Garhanga" da biro, ya koma ya soke.

To wanga kaset, kafin shi iso hannuna, Allah kaɗai ya san sau nawa anka juye shi daga wani zuwa wani. Ya sha rana cikin mota, zarenshi ya tsinke wuri biyu an liƙe da jan farce. In ka sa shi, abin da za ka fara ji wani shuuu ne, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa bisa rufin kwano. Sannan gita ta shigo tana ɗan lilo, muryarta a dushe, kowace tsirkiya in anka taɓa ta sai ta yi kamar za ta yi tari, ta fasa. Ni a lokacin na ɗauka haka gita take. Na ɗauka tawa ce ba ta da lafiya, don ita tsaf take fita, kamar an buga cokali ga kofin shayi. Na cusa mata tsumma a ciki. Na saƙala takardar siminti tsakanin tsirkiyoyi. Har cikin rumbu na taɓa shiga da ita in ji ko za ta dushe, inna ta fiddo ni da muciya.

Babana shi ke kula da grup a asibitin mishan, wato injin da ke ba asibiti kuran, wutar lantarki ke nan. Ta wajenshi na san wani anasara mai aiki a labo, ɗakin awon jini, wanda ke da gita ta kuran da ɗan amfili mai ƙara mata murya, da wasu ƴan akwatuna huɗu na ƙarfe, kowane bai wuce sabulun wanki girma ba, ana taka su da ƙafa. Fedal ake ce musu. Bari in yi bayani, don mutane da yawa na ganin su ba su san aikinsu ba. Waya ta fito daga gita ta shiga fedal, wata wayar ta fito daga fedal ta shiga amfili. Ke nan dole sautin gita shi ratsa ta cikin akwatin, kamar yadda ruwa ke bin hanya kafin shi kai ga fangalin albasa. In ka taka, akwatin ya yi ma sautin abin da anka ƙera shi shi yi. In ka sake takawa, ya ƙyale shi ya wuce. Ni farkon ganina da su sai da na yi kwana biyu ina taka ƙasa in ina kaɗa gitar coci.

Da aikin anasaran ya ƙare, ya bar ma coci gitar da amfilin. Fedal kuwa ya ce uku zai koma da su gida, ɗaya nawa ne, in zo in zaɓa. Na je da la'asar. Shi shina can ciki shina ɗaure kayanshi cikin kwalaye, ni ina zaune ga baranda da waya a hannu, ina gwada su ɗaya ɗaya.

Na fari shuɗi ne. Ka kaɗa sau ɗaya shi maimaita maka sau huɗu, kowane ya fi na gabanshi nisa, kamar ka leƙa rijiyar Deule ka yi kira. Ya burge ni ƙwarai, na daɗe a kanshi. Na biyu in ka taka sai gita ɗaya ta zama biyu, biyun kuma ba su gama shiryawa ba, ɗaya na ɗan gaba ɗaya na ɗan baya. Wanga ya yi kusa da lilon kaset ɗina, sai dai tsabtarshi ta yi yawa, kamar mutum ya sa kwat ya zo ban ruwa. Na uku kamar totur ɗin mota shike, ka danna gaba ka danna baya, gita ta yi ta kuka irin na akuyar da anka sayar da ɗiyarta. Minti ɗaya ya ishe ni.

Na huɗun ja ne, fentinshi duk ya goge, da ƴar fitila ga goshi wadda da ƙyar take ci. Na taka, na kaɗa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito a dushe, ya ɗan kumbura, ya yi rawa, ya yi wani ɗan tari, ya mutu a hankali da shuuu a bayanshi. Na sake kaɗawa. Haka dai. Wallahi sai da na duba bayana ko wani ya sa kaset ɗina. Anasaran ya leƙo da igiya a baki, ya ce a ƙasarsu ma akwai samari masu son irin wanga sauti mai datti da gangan, cikin ɗakin kwana suke ɗaukar waƙoƙinsu, lofai suke ce mishi. Amma shi in da shi ne, shuɗin zai ɗauka, ya fi kowane kyau. Na ce jan nike so. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini kusar da ake warwarewa a sa pil, wato batir, irin mai kusurwa huɗu da maɓalli biyu a kai, ba irin na tocila ba. Ban ma tsaya dubawa da kyau ba, na sa abina cikin aljihu.

A shekarar nan zumuntar mata ta cocinmu ta shirya yin kaset, karo na farko, wanda za a kai taron Madawa a rarraba. Shugabar zumunta gwaggona ce, yayar babana, mace mai tsawo wadda ko pasto sai ya gyara tsayuwa in za shi yi mata magana. Su da tulu suke kiɗa da ƙwarya da caki, ba su taɓa sa gita ba. Ni kuwa babu abin da nike so a duniya kamar in ji kaina cikin kaset. Sati biyu ina bin ta, ina ɗaukar mata tabarma, ina kai mata itace. Ranar nan dai ta tsaya ta dube ni.

"Kai ɗan nan, mu waƙa muke don a ji magana. Ka zo mu ji abin naka. In ya hau bisa maganar Allah, kai da shi waje."

Na zo. Sunka tada waƙa, na taka fedal, na shiga a hankali. Abin mamaki, sautin ya kwanta ƙarƙashin tulu kamar dama wurinshi ke nan. Wata tsohuwa cikinsu ta ce kamar dattijo mai mura, wata ta tambaya ko lalacewa ya yi, a kai ma babana shi duba. Gwaggo ta ce su bar shi, wanga ya san girman manya. Ta ce mini in haka zai yi rannan, ina ciki. In ya canza hali, ba ni ciki, kuma kada in zo mata da dogon bayani. Ta san ni.

Munka yi ta gwaji sau uku a sati. Wata rana cikin satin ƙarshe na hangi babana tsaye bakin ƙofar coci da rigarshi ta aiki mai baƙin mai. Bai taɓa ce mini komi ba kan gita, ko yabo ko faɗa. Na lura ba hannuna shike kallo ba, ƙasa shike kallo, wajen ƙafata. Shi mutum ne da ba ya ƙaunar fitila mai ci a raunane. In kwan fitila ya ɗan yi ja a ɗakin haihuwa, tuwo ma ajiye shi shike ya tafi ya duba allurar grup. Kullum faɗinshi shike, inji a ba shi kuran nashi cikakke, in ba haka ba an zalunce shi. Ya daɗe tsaye, ya juya ya tafi.

Mai ɗaukar kaset daga Konni zai zo, ran kasuwarmu, cikin motar ƴan kasuwa, kuma motar da azahar take juyawa. Safiya ɗaya ke gare mu. Mata sun yi anko, sabon zane, sabon kallabi, har ƙwaryar ma sabuwa anka sayo. Haka muke, in rana ta girma komi sabo ake fiddowa.

Wajen ƙarfe takwas na shiga coci in gwada kayana. Na sa waya, na taka. Fitilar fedal ta kama jawur kamar idon zakara. Na kaɗa tsirkiya ɗaya, sai wani ƙara ya cika cocin, kamar ana yanka kwano da zarto. Tantabarun da ke cikin rufi sunka fita. Na juya maɓallai ukun da ke jikinshi duk inda suke juyuwa. In na rage, gita ta fito tsaf irin ta cokali da kofi. In na ƙara, injin niƙa. Tsakani babu komi. Gwaggo ta shigo da sabon kallabinta ta tambaya wa ke niƙa a ɗakin Allah.

"Gwaggo, jiya lafiya lau shike."

"Na san jiya, ina nan. Mutumin Konni na ɗaure wayoyinshi. In ya gama, ko ka maido na jiya, ko ka zauna can baya cikin masu tafi."

Na warware kusar. Pil sabo dal, ko ƙwarzane babu. Na ruga ɗakin grup. Babana na zaune bisa benci shina goge filta. Ya ɗago ya dube ni, kuma na ga abin da ban cika gani ga fuskarshi ba, wato jin daɗi.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba. Ina tsohon?"

"Na sa ga harshe, ko cizo babu. Na jefa salga."

Ya ce tun ran da ya ga fitilar nan abin ke damunshi, ɗanshi gaban jama'a da inji mai jin yunwa. Ba a sayar da irin wanga pil a garinmu, sai da ya ba wani direba saƙo har Konni, jiya da marece anka kawo, yau da asuba ya sa mini kafin shi fito aiki. Na durƙusa na yi godiya. Mi zan ce?

A hanya ne abin ya faɗo mini. Ashe duk sautin nan da na zaɓa, na bar shuɗi saboda shi, rabinshi na fedal ne, rabinshi na gajiyar pil. In kuran ya yi ƙaranci, akwatin ba ya iya ɗaga sautin gaba ɗaya, sai shi ɗauko shi shina tangaɗi, shi zubar da wani a hanya, abin da ya rage shi ne wanga dushewa da rawa da tari. Da cikakken kuran kuwa sai shi koma abin da anka ƙera shi, mai ihu. Na ji daɗin gane wanga abu har na tsaya tsakiyar hanya ina murmushi, sannan na tuna ba ni da lokaci.

To a ƙasarmu kowa ya san yadda ake tada pil. A shanya shi bisa rufi shi sha rana. A cije shi. A ƙwanƙwasa da dutse. Wasu cikin toka mai ɗumi suke turbuɗe shi. Mai shayin bakin asibiti ya lissafa mini duk waɗannan, da na ce mishi ni gajiyarwa nike so, ya ce in sha ruwa in zauna inuwa. Na gwada haɗa shi da kwan tocila ko zai sha kuran ɗin, kwan ya yi fat ya ƙone, pil na nan yadda shike.

Sai na nufi kasuwa wajen mai gyaran rediyo. Dattijo ne Musulmi, gonarshi na wajen Babankatami, ran kasuwa kawai shike zuwa ya kafa tebur ƙarƙashin rumfa. Abokin babana ne, in sunka haɗu gardamar kuran suke har a kira salla. Na gaishe shi, na ajiye pil bisa tebur.

"Kawu, so nike a gajiyar mini da wanga."

Ya ɗauka, ya juya, ya sa ga harshe, ya runtse ido ɗaya. "Sabo ne."

"Sabo ne."

"Tun ba a haife ka ba nike tada matattu a teburin nan. Yau ɗan mai grup ya kawo mini mai rai in kashe."

Ya ce shi ba ya wanga aiki, almubazzaranci ne, kuma ko ya yarda, pil irin wanga ba ya gajiya kafin azahar. Na fara mishi bayanin yadda sauti ke tangaɗi in kuran ya ragu, ya ɗaga mini hannu. Ya jawo wani ɗan akwati mai allura da shike awon kuran da shi, ya buɗe bayanshi. Ga pil mai kusurwa huɗu, ya yi baƙi da dauɗar hannu. Ya ce wata biyu ke nan allurar ba ta kai inda ya kamata, shi ke ƙara mata da ka. Ya miƙo mini in ɗanɗana. Na sa ga harshe, ɗan tsami kaɗan, kamar ruwan tsamiya na biyu. Na ce shi ne. Ya sa sabon cikin akwatinshi, allura ta miƙe tsaye, ya daɗe shina kallonta.

"Babanka ya san da wagga musanya?"

"A'a, Kawu."

"To ni ba ni cin alheri in yi shiru. In kasuwa ta watse sai na je na yi mishi godiya."

Na roƙe shi. Ya ce roƙo ba ya cikin aikinshi, in ina so in ɗauki sabon pil ɗina in tafi, babu abin da ya faru. Na tsaya ina kallon su biyun, ɗaya cikin akwatin awo, ɗaya cikin tafin hannuna. Na rufe hannu na fita da gudu.

Na tarar mutumin Konni ya rataya makirfo da igiya ga azarar rufi, an rufe tagogi, an sa wata mata bakin ƙofa tana korar awaki. Na durƙusa na sa pil, garin sauri kusar ta faɗi sau biyu. Fitila ta kama da ƙyar. Na kaɗa tsirkiya ɗaya. Gwaggo ta karkata kai ta saurara har sautin ya mutu, ta ce in matso kusa da mai tulu. Mutumin Konni ya cire abin kunnenshi ya ce gitar nan na da matsala, a cire ta ko a gyara. Gwaggo ta ce mishi haka suke son ta, shi dai ya danna abin dannawa.

Waƙa shida ce. Ya gargaɗe mu, in ya danna, kada wanda ya motsa ko ya yi tari sai ya ɗaga hannu, don ba shi da zaren maimaitawa. Ta fari ta wuce, ta biyu ta wuce, ban taɓa jin abin da ya kai su daɗi ba, sai na riƙa jin kamar an riga an juye mu sau goma. Ta uku sautin ya ƙara dushewa, ni dai murna nike. Tsakiyar ta huɗu fitilar ta yi ƙyaf ƙyaf, gita ta yi wani dogon tari, ta yi shiru. Mata ba su ko waiwayo ba. Ni kuma tunda an ce kada a motsa, na ci gaba da kaɗa gitar da ba ta fidda komi, waƙa biyu da rabi, da fuskar mai aiki.

Da anka gama gwaggo ta ce ta ji inda na mutu. Ta ce ba laifi, amma taron baɗi in nemo gajiyayyu biyu, ita ba ta son aikin da ba ya kai ƙarshe. Ke nan ina cikin zumunta, ni kaɗai namiji, da wurin zamana kusa da mai tulu.

Mai gyaran rediyo ya cika alkawari. Bayan la'asar anka gan shi a ɗakin grup, har da goro ya kai. Babana ya dawo gida da marece, ya wanke hannu, ya ci tuwo. Sai da inna ta kwashe kwanoni ya ce in yi mishi bayani. Shi ne mutum na farko a ranar da ya bar ni na kai ƙarshe. Na faɗa mishi zancen kaset ɗin Buzaye, da fedal huɗu, da yadda sauti ke zubewa a hanya, har da zane na yi mishi a ƙasa da tsinke. Ya saurara duka, shina kallon zanen.

"Wato da gangan."

"I, Baba."

"To. Kada ka faɗa ma mutanen asibiti ni na haife ka."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Kwana shida gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni ma na daina fiddo fedal a gida, ina ɓoye shi cikin buhun tufafina, tunda ko na fiddo babu abin sa mishi.

Ran kwana na bakwai ya dawo cin abincin rana, ya kira ni, ya sa hannu aljihun rigar aiki ya fiddo pil uku masu kusurwa huɗu, duk tsofaffi, waɗanda anka cire daga wasu na'urorin asibiti za a zubar. Ya jera su bisa tabarma, ya ɗan sake musu wuri, na dama ya koma hagu. Ya ce ya ɗanɗana su duka. Na hagu da sauran ƙarfinshi, in ajiye shi tukuna. Na dama ya riga ya tafi, ya kawo shi ne kawai in gani.

"Wanga na tsakiya ya kusa," in ji shi. "Ka fara da shi."